An taɓa neman izininku a ɗebi wani abu daga jikin jaririnku a asibiti?

Maman Biyu, Aboabo: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ta haihu makon jiya, yaron bai kwana biyu ba Allah ya karɓi abinsa. Muna shirin sutura sai likita ya ce a bari su buɗe shi a gano abin da ya faru. Mijinta ya ƙi, aka kai yaron maƙabartar Tafo ta nan Kumasi kafin la'asar. Yanzu ita ke cewa da an bari, domin wannan ne na biyu da ta rasa haka. Wanda ya taɓa shiga wannan hali, ya ya kuka yi?

Alhaji na Asawase: Allah ya sa mai ceto ne, Hajiya. Ni ma na ƙi a nawa, kuma ban yi nadama ba. Annabi (SAW) ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Amma abin da ya fi ƙona min rai takardar ce. Duk Turanci, aka miƙo min aka ce dangwala nan. Babu wanda ya zauna ya yi min bayani da Hausa ko da Twi.

Nos, Sawaba: Baba Alhaji, tsoronka yana da tushe. A asibitin yara na Alder Hey da ke Ingila, daga 1988 zuwa 1995, an riƙa cire zuciya da sauran kayan cikin ɗaruruwan yaran da suka rasu ana ajiyewa, iyaye ba su sani ba. Da asiri ya tonu, wasu sai da suka sake jana'iza. Abin da ya jawo dokarsu ta 2004 ke nan, wadda ta wajabta neman izini.

Amma ni da ke aiki a ɗakin jarirai, ina ganin ɗaya gefen. Uwa ta binne biyu, uku, ana ta cewa iska ne ko maita, alhali wataƙila jininta ne bai dace da na jaririn ba, abin da allura ke karewa in an yi ta da wuri. Akwai kuma hanyar da ba a yanka gawa: da allura ake ɗiban ɗan ƙanƙanin nama daga hanta da huhu. Shirin CHAMPS, mai binciken dalilan mutuwar yara, yana yin haka a Mali da Kenya da Mozambik. Idan an nemi izininku, ku tambaya me za a ɗiba, ina za a kai shi, kuma yaushe za a ba ku sakamako. Ƙin yarda haƙƙinku ne, sai dai in mutuwar ta shiga hannun hukuma.

Ummu Sikila, Moshie Zongo: Ni da rai aka ɗebi na 'yata, ɗigon jini a diddige ranar da na haife ta. Uwar mijina ta yi faɗa sosai, wai sayarwa za su yi. Da shi aka gano sikila, aka fara ba ta fanisilin tun tana goye. Yau tana sakandare. Tun 1995 aka fara wannan gwaji a nan Kumasi, marigayi Farfesa Ohene-Frempong ne ya tsaya a kai. Allah ya saka masa.

Ɗan Kano a Akwatia Line: Mu ba mu manta 1996 ba. Kamfanin Pfizer ya sa yara kusan 200 cikin gwajin maganinsa Trovan lokacin sanƙarau a Kano, 11 suka mutu. Shi ya sa ko mabiyiya ba na bari a asibiti, karɓowa nake in binne.

Malam, Aboabo: Ina wankan gawa, na ga ɗinki a ƙirjin jariri, hannuna ya yi rawa. Duk da haka kada mu ce komai haramun ne. Majalisar Fiƙihu ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar gaɓar mamaci don ceton wani idan shi ko magadansa sun yarda, ta kuma haramta sayarwa. Jariri ba ya magana, amana ce a wuyan waliyyinsa.

Yaya Talatu, Asawase: Malam, a gafarce ni, wane waliyyin? Lokacin da nawa ya koma, a baranda aka tambayi maigida da yayansa, suka ce a'a. Ina kwance a gado, ban ji labari ba sai bayan bakwai. Ni na ɗauki cikin wata tara. Da an tambaye ni, da na ce a duba, domin ina so in sake haihuwa kuma tsoro nake ji.