Don Allah a taimaka, na sauya farosesa kwamfutata ta ƙi tashi

Abban Khairat: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sani ku ba ni shawara, tun jiya da la'asar hankalina bai kwanta ba. Ina da ɗan shago inda nake haɗa katin biki da tace bidiyon aure. Kwamfutar tebur ce, a 2019 na haɗa ta da kuɗin babur ɗina da na sayar, lokacin ko aure ban yi ba, kuma wallahi ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba sai dai nauyi. Bidiyon minti arba'in sai in sa ta fitarwa bayan isha'i, in dawo in tarar an ɗauke wuta a tsakiya, aiki ya koma farko. Mijin yayata ya ce in ƙara RAM, na ƙara ban ga wani canji ba, har muka ɗan samu saɓani don shi ya sayo mini. To wata huɗu ina zubin adashi, da na ɗauka sai na yi odar farosesa Ryzen 5 5600 daga wani mai shago a Legas, ya tabbatar mini madabod ɗina B450, wato babban allon da ake jona komai a kansa, tana ɗaukarsa. Jiya ya iso. Na cire tsohon, na sa sabon, na kunna. Fankoki suna juyawa, fitilar gaba ta kama, amma sikirin baƙi ƙirin. Na kashe na kunna ya fi sau ashirin. Ranar Asabar zan ba da bidiyon kamu da ɗaurin aure, uwar amarya kuma ƙawar mahaifiyata ce, ta riga ta biya. Yaya zan yi?

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mafita. Ka cire RAM ka goge ka mayar, ni kullum haka nake yi.

Injiniya: Malam kada ka wahalar da kanka, fawa ce, wato akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta. Shekara goma sha biyar ina wannan aikin. Ka ɗora wa jaki kayan raƙumi. Tsohuwar fawa ba za ta ja farosesa mai ƙwaƙwalwa shida ba, shi ya sa fanka ke juyawa amma babu hoto. Ka nemo mai wat 750 kawai magana ta ƙare.

Ummu Sadik: Sannu Abban Khairat. Ba ka faɗa mana abu biyu ba. Wane farosesa ka cire? Kuma wayar sikirin ɗinka a ina ka soka ta, jikin madabod ko jikin katin hoto?

Abban Khairat: Hajiya tsohon Ryzen 3 2200G ne. Wayar HDMI tana inda take tun ranar da na haɗa kwamfutar, ban taɓa ta ba. Ni fa ban yi garaje ba, sau uku na kalli bidiyon yadda ake sauyawa a YouTube kafin in kwance ko da kusa ɗaya.

Ummu Sadik: To ina jin ga matsala ta farko nan. Harafin G da ke ƙarshen 2200G yana nufin akwai sashen hoto a cikin farosesan kansa, shi ne yake ba ka hoto ta ramin HDMI na madabod duk shekarun nan. Shi 5600 ba shi da wannan sashen sam, 5600G ne mai shi. Idan babu katin hoto daban a kwamfutarka, ko komai lafiya yake ba za ka ga ko ɗigo a sikirin ba. Ta biyu kuma BIOS, wato manhajar cikin madabod da ke gane farosesa ta tada kwamfuta. B450 ta fito ne a 2018, jerin Ryzen 5000 sai ƙarshen 2020, shi 5600 ma sai 2022. Madabod ɗin da aka saya a 2019 ba ta san da zamansa ba sai an sabunta mata BIOS, kuma ana sabuntawar ne tsohon farosesa yana ciki. Ka yi hakan?

Injiniya: Hajiya da girmanki, wannan karatun intanet ne. Mu da muke kwana da sukurdireba a hannu mun san alamar fawa idan mun gani.

Ummu Sadik: Injiniya, 2200G da 5600 duka wat 65 aka rubuta musu. Ina ƙarin nauyin da jakin ya ɗauka?

Abban Khairat: Gaskiya ban taɓa BIOS ba, don wani abokina ya taɓa kashe tasa garin sabuntawa. Kuma mai shagon cewa ya yi in sa kawai zai tashi. Da akwai maganar kati ai da ya faɗa mini, mutumin kirki ne, mun daɗe muna ciniki.

Baban Yara: Hmm, mutumin kirki. Ni ma haka na ce da wanda na kai wa laftof ɗina bara don ya sauya mini allon rubutu. Na kai ta da RAM giga 8, na karɓo ta da giga 4, sai bayan wata biyu ɗana ya gano. Da na koma ya rantse da Allah haka na kawo ta. Tun daga nan ko caja zan gyara sai na tsaya a kan mutum.

Ɗan Fagge: Wallahi Baba. Ga kuma wutar NEPA da ke zuwa kamar an jefo ta. Makon jiya ta ƙona mini firij da dikoda lokaci guda, amma takardar kuɗi ba ta taɓa makara ba.

Injiniya: Kun ji ko? Ga shi Ɗan Fagge ya kawo muku. Wutar garin nan cinye fawa take yi a hankali. In kuma ba fawa ba ce to farosesan jabu ne, ana goge rubutun tsoho a buga sabo. Na ga irinsu da idona. Ka kawo mini ita shago gobe, minti goma ya ishe ni.

Malamin Lissafi: Kafin a kai ko'ina, ka buɗe murfin gefe ka duba. Wasu madabod suna da 'yan fitilu huɗu a jere, an rubuta CPU, DRAM, VGA da BOOT. Wadda ta tsaya a kunne ita ke nuna inda aka maƙale. In VGA ce, maganar kati ce. In CPU ce, ko BIOS, ko ƙafar farosesa ta lanƙwashe, ko ka manta mayar da wayar wuta mai baki takwas da ke can sama kusa da fanka. Sannan ka cire batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, na minti biyar bayan ka zare wayar bango.

Abban Khairat: Malam na cire batirin tun daren jiya, babu canji. Akwai wata 'yar fitila ja da ke ci amma rubutun ƙanana ne, kuma yanzu babu wuta. Wayar sama kuwa ban cire ta ba balle in manta.

Ummu Sadik: To mafi sauƙi ka mayar da 2200G. In ta tashi, ka gama aikin mutane tukuna. Bayan Asabar sai ka shiga shafin kamfanin madabod ɗin, ka nemi ainihin lambar taka, ka sauke BIOS a filashi da aka yi wa fomat na FAT32. Ka karanta bayanin da kyau, wasu sai an bi ta wata siga ta tsakiya kafin a hau ta ƙarshe. Kuma a kan inbata ko UPS za ka yi, don ɗaukewar wuta a tsakiya ita ce ke kashe madabod, wataƙila abin da ya samu abokinka ke nan.

Abban Khairat: Hajiya ai nan gizo ke saƙar. Tsohon baya hannuna. Na sayar wa wani yaro tun jiya da magariba don in cika wa mai shagon ragowar kuɗinsa, ya wuce da shi Katsina da safe. Kada a ga laifina, alkawari na yi zan biya ranar da kaya suka iso. Kuma ma da na ja fankar tsohon ya fito manne da ita, ban ko ɗaga ɗan ƙarfen da ke kulle shi ba, na dai banɓare shi da wuƙa a hankali.

Malamin Lissafi: Innalillahi. Da wuƙa? Ai dumama kwamfutar ake yi man da ke tsakanin fanka da farosesa ya yi laushi, sannan a murɗa fankar hagu da dama kafin a ja. Farosesa irin naka na AM4 ƙafafunsa 1331 ne, siraransu kamar gashi. Yaron nan zai kira ka.

Injiniya: Na faɗa muku tun farko a kawo wa masu aikin. Yanzu ga soket ɗin da farosesa ke zama a ciki ma ta tafi. Sabuwar madabod, sabuwar fawa, shi ke nan.

Ummu Sadik: Ba lallai soket ta lalace ba, sau da yawa yana fitowa haka kuma ba abin da ke faruwa. Ka duba bayan madabod ɗin, wasu suna da ɗan maɓalli kusa da ramukan USB da ke sabunta BIOS daga filashi ko babu farosesa. In babu, sai aron wani tsohon Ryzen da katin hoto na awa ɗaya. Aikin biki kuwa, ka zare SSD ɗinka, inda fayilolinka suke, ka jona a wata kwamfutar ka kwashe.

Abban Khairat: SSD ɗin nan ba zan kai shagon kowa ba, hotunan matan mutane ne a ciki. Kuma mutum ɗaya da na sani mai Ryzen shi ne mijin yayata, ni kuwa ba zan je ya yi mini dariya ba. Har yanzu ina ganin da farosesan lafiyayye ne da ko ƙara ta yi. Injiniya nawa ne fawar mai 750?

Injiniya: Ka same ni ta akwatin saƙo.

Malamin Lissafi: In wuta ta dawo ka ɗauki hoton fitilar nan da wayarka ka turo mana kafin ka kashe ko sisi.

Baban Yara: Tunda masana sun taru, firintata tana jan takarda biyu-biyu, me ke kawo haka?