Wane suna za mu ba na'urar awon wuta ta hannu?

'Yan'uwa masu gyaran kayan lantarki, ina neman sunan Hausa ga multimeter, na'urar nan mai wayoyi biyu, ja da baƙa. "Mita" kawai ba za ta wadatar ba, da an faɗa sai hankali ya koma kan mai lissafa kuɗin wuta. "Testa" kuwa sukudireban nan ne mai ɗan ƙwai a ciki.

Shawarata ita ce awomita. A 1923 aka fara sayar da na'urar da Donald Macadie, injiniyan gidan waya a Birtaniya, ya ƙera, mai suna AVO, daga haruffan farko na amfiya, bolt da om a rubutun Turanci. Mu kuma ga "awo" a bakinmu tun fil azal, kunne ba zai sha wahala ba.

Wani malami a cikinmu ya kawo "ma'auni uku". Allah ya gafarta Malam, a nan na saɓa maka. A buɗe cikin ta zamani a gani, abu ɗaya tak take iya aunawa, ƙarfin wuta, wato bolt. Guntun ICL7106, wato ƙwaƙwalwar na'urar, da ke cikin masu araha da yawa yakan karanta ne har milibolt 200, allonsa kuma ba ya wuce 1999. Sauran duk dabara ce. Babban ƙarfi sai jerin rizistoci, wato masu turje wa wuta, su rage shi kafin ya iso guntun. Kwararar wuta kuwa, wato amfiya, ana bi da ita ta wata kakkaurar waya mai om 0.01, amfiya 10 ta haifar da bolt 0.1, shi ake karantawa. Shi ya sa barin jar waya a ramin 10A a taɓa soket yake daidai da haɗa wuta baki da baki, kuma wasu masu arahar ko fis babu a wannan ramin. Don Allah a kiyaye.

Turjiya ma, wato om, haka ne, na'urar ce ke tura 'yar wuta daga batirinta ta duba bolt ɗin da ta haifar.

Ga shi yanzu suna gwada dayod da kafasita, wasu har zafi, to ina ukun ya tsaya?

In kun amince, mu riƙa cewa awomita, jam'i awomitoci. Ta zamani awomita mai lamba, tsohuwar kuma mai allura.