Wane irin keji ya dace da baji? Masu kiwo ku faɗi abin da kuka gani

Maman 'yan biyu:
Assalamu alaikum. Ƙanin maigidana ya kawo wa yara tsuntsaye biyu, irin ƙananan akun nan masu doguwar jela da ake kira baji, ɗaya kore ɗaya shuɗi. Kejin da suka zo a ciki bai fi kwalin takalmi ba, in ɗaya ya juya sai jelarsa ta gogi waya. Jiya na ga wani a kasuwa, dogo ne zagayayye, ruwan zinare, samansa kamar ƙubba. Wallahi ya shiga raina. Kafin in zuba kuɗina, don Allah waɗanda suka taɓa riƙe su ku faɗa mini abin da kuka gani da idonku.

Ɗan tattabara:
Wa alaikumus salam. Hajiya, riƙe kuɗinki. Irinsa na fara saya, kuma don kyan nan na saya. Wata uku yana rataye a barandata, ban taɓa ganin tsuntsayen sun sauko ƙasa da rabinsa ba sai in yunwa ta koro su. Kullum suna can ƙoli a cunkushe, sauran tsawon duk asara. Baji ba ya tashi sama tsaye, daga gefe zuwa gefe yake shawagi, don haka faɗi yake so. Sannan zagayayyen keji ba shi da kusurwa. In wani abu ya firgita su babu lungun da za su raɓe, sai su yi ta kewayawa suna bugun fiffike. Abin da ya raba ni da shi kuwa, can sama inda wayoyin suke haɗuwa suna matsewa, nan farcen namijin ya maƙale wata safiya. Na same shi yana reto da ƙafa ɗaya, sai da na sa filaya na buɗa wayar. Ya rayu, amma yatsan bai ƙara miƙewa ba.

Malamin firamare:
Abin da ɗan'uwa ya faɗa haka yake, kuma in kin san asalin tsuntsun ba za ki yi mamaki ba. Ɗan Ostireliya ne, daga busasshen tsakiyar ƙasar, inda suke yawo garke-garke suna bin ruwa da 'ya'yan ciyawa. A 1840 wani Bature masanin tsuntsaye, John Gould, ya kai su Ingila, daga nan suka bazu duniya. Na daji duk kore da rawaya ne, shuɗin nan naki a hannun masu kiwo ya samu. Tsawonsa santimita 18 ne har jela, nauyinsa giram 30 zuwa 40, shi ya sa mutane suke raina shi su tura shi a ɗan akurki. Ni nawa biyu ne, kejinsu santimita 75 a faɗi, 45 a zurfi, 45 a tsayi, kuma ina ganin wannan shi ne mafi ƙanƙanta da za a yi wa biyu. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in tsuntsu ba zai iya barin sanda ɗaya ya kaɗa fiffike sau biyu ko uku kafin ya sauka a ɗayar ba, kejin ya yi kaɗan.

Baba mai kanari:
Ku 'yan zamani akwai ku da tsawaita zance. Mu da muka tashi, da kara da tukurwa muke haɗa keji, kanari ya shekara biyar a ciki yana rera waƙarsa. Ba mu san santimita ba.

Ɗan tattabara:
Allah ya ƙara girma Baba, ai kanari daban. Kanari ba ya ɓarza. Wannan jinin aku ne, bakinsa lanƙwasasshe, abin da duk ya samu sai ya gwada shi. Kejin kara kwana nawa zai yi masa? Maƙwabcina ya zuba su a na katako mai raga, kafin sati biyu sun cinye gefen ƙofar. Ga kuma ƙananan ƙwarin nan jajaye da ke ɓuya a tsagar katako da rana su fito shan jini da dare, in suka shiga sai dai ka ƙone kejin.

Mai walda:
To ni sana'ata ce, bari in faɗi laifinmu da kaina. Yawancin kejin da ake kawo mana aiki da ragar kaji muke yi, mai rufin tutiya, don ita ce mai araha. Kaza ba ta damu ba. Baji kuwa da baki yake hawa waya, yini yake yana lasa yana gatsa, tutiyar tana shiga cikinsa kaɗan-kaɗan. Na farko da na haɗa wa 'yata haka na yi, har na bi shi da ragowar fentin ƙofa don ya yi kyau. Bayan 'yan makonni macen ta fara kumbura gashi, tana yawan shan ruwa, ba ta tsayawa daidai a sanda. Likitan dabbobi da ya ga kejin bai ko taɓa tsuntsuwar ba ya ce in fara raba ta da shi. Wasu fentin ma akwai dalma a ciki, ita ta fi muni. Yanzu in mutum ya zo sai in ce masa ko ya sayi na kanti mai gasasshen fenti wanda farce ba ya kankarewa, ko ya daure ya biya kuɗin ƙarfen da ba ya tsatsa. In kin ga tsatsa ko fenti yana ɓarewa, ko kyauta aka ba ki ki bar shi.

Sai tazarar waya. Kada ta wuce santimita 1.2, wato rabin inci. Ki tafi da abin awo, kada ki yarda da ido. Wanda aka yi don babban aku tazararsa ta yi yawa, baji zai tura kai ya kasa dawowa da shi. Kuma ki duba a samu ko da gefe biyu da wayoyinsu ke kwance, su ne tsaninsa.

Amaryar bara:
Ni tawa matsalar ƙofa ce. Irin wadda ake ɗagawa sama ta faɗo da kanta. Na ɗauka dabba ba ta da wannan wayon, ashe yana kallona kullum ina sa abinci. Ran nan na fito wanka na tarar da ƙofar a ɗage, shi kuma yana kan igiyar shanya yana gyara gashi. Ina matsowa ya haye katanga, shi ke nan. Har yau in na ga shirwa tana kewaya unguwa sai gabana ya faɗi. Yanzu kowace ƙofa da maƙalin shanya a jikinta, har ƙananan na wajen abinci.

Hajiya mai turare:
'Yata, ki ji wannan da kyau, don ni ta nan aka cuce ni, kuma ni na cuci kaina. Keji mai kyau na saya, amma na ajiye shi a falo inda nake kunna turaren wuta safe da yamma. Numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne, abin da ke miki ƙamshi shi shaƙe shi yake. Ranar da aka fesa maganin sauro aka rufe ƙofa, da safe guda ɗaya na tarar a ƙasan keji. Haka hayaƙin maganin sauro na kunnawa, haka kicin, musamman kaskon nan da abinci ba ya kamawa in ya yi zafi fiye da kima. Wanda ya rage na mai da shi baranda, gefe ɗaya jingine da bango, inda rana ba ta dukansa da azahar. Da hunturu ina rufa masa tsohon zane da dare in bar gefe guda a buɗe. Kuma ki ɗaga shi sama, don ɓera da mage ba sa barci. Ƙafafun teburin ma cikin gwangwanayen ruwa na sa su saboda kiyashi.

Malamin firamare:
Na manta da sanduna. Na robar da ke zuwa da keji duk kaurinsu ɗaya, ƙafa tana damƙe wuri guda yini guda har ta yi gyambo. Na cire su na sa rassan gwaiba da na bishiyar turare, wani kamar fensir wani kamar yatsa, na wanke na shanya tukuna. Bishiyar turare ma ai 'yar ƙasarsu ce, a kogonta suke ƙwai a can. Kada ki cika kejin da sanduna, biyu a ƙarshe da ƙarshe sun isa, tsakiya a bar musu fili. Kada kuma sanda ta zauna a saman mazubin ruwa, kin san abin da zai biyo baya.

Amaryar bara:
Yaya, ki nemi mai tire a ƙasa wanda ake zarowa, ki shimfiɗa tsohuwar jarida. Sannan gero yana yaudara. Suna ɓare ƙwayar su bar ɓawon a kwano, ki ga kamar cike yake alhali babu komai. Kullum ki hura ki gani.

Maman 'yan biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na koma kasuwar da tef ɗin ɗinkina. Mai kayan sai dariya yake yi, wai bai taɓa ganin mai auna keji kamar za ta yanka atamfa ba. Na zinaren tazararsa ta kusa santimita biyu, na bar masa abinsa. Na ɗauki wani fari mai kusurwa huɗu, faɗinsa 76, ba shi da wani kyau, yara ma sai da suka ɓata rai. Da muka juye su ciki sun fi awa ɗaya a manne da juna, can shuɗin ya tashi daga wannan ƙarshe ya sauka a wancan, ya dawo, ya sake komawa. Mai walda, kwanukan abincin da suka zo da shi na roba ne, koren ya riga ya fara gatsar bakin ɗaya. In canza su da na silba ko in bar su?