Neman shawara: na gama digiri na uku a tarihin Rumawa, in karɓi aikin wata goma ko in dawo gida?

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, admin dan Allah a ɓoye sunana. Ni ɗan Katsina ne, tarihi na karanta a gida, daga baya Allah ya ba ni sikolashif na zo Ingila na yi mastas da digiri na uku a tsohon tarihi, zamanin Girkawa da Rumawa. Bincikena a kan Garamantawa ne, mutanen Fazzan ta kudancin Libiya, da cinikin da suka yi da biranen Rumawa na bakin teku irin su Leptis Magna. Watan jiya na zauna gaban masu jarrabawa, gyara kaɗan suka ba ni alhamdulillah.

To ga inda gizo ke saƙa. Tun Satumba nake cike-ciken neman aikin koyarwa, har na daina ƙirgawa, wuri ɗaya ne kacal ya kira ni intabiyu kuma sun ce sun ɗauke ni amma kwantiragin wata goma ne, wani malaminsu zai tafi hutun bincike ni zan riƙe masa ajin Latin na 'yan farko da kwas ɗaya na daular Rum, yana dawowa shikenan sai wata rana. A ɗaya ɓangaren kuma tsohon malamina na gida ya ce akwai gurbi a sashen tarihi, in dawo in kawo takarduna. Hajiyata duk Juma'a in na kira, kafin mu gama gaisawa ta ce "yaushe za ka dawo?" Kawuna kuwa har yau gani yake tunda Latin nake karantawa to fada na coci nake so in zama. Sati biyu suka ba ni in amsa. Ku ba ni shawara tsakani da Allah.

Tsohon lakcara:
Wa alaikumussalam Dakta, Allah ya sanya albarka. Bari in faɗa maka yadda abin yake a gida don kar ka dawo da buri ya fi ƙarfin aljihu. Sashen da ake koyar da Girkanci da Latin zalla a Najeriya, Ibadan ne, tun 1948 yake nan, kuma ƙaramin sashe ne, ba kullum ake neman mutum ba. A Arewa malamin tarihi za a ɗauke ka, da digiri na uku galibi matakin lakcara na biyu, kuma abin da aka raba maka shi za ka koyar, tarihin Afirka kafin 1800, tarihin Arewacin Afirka, wataƙila har a haɗa maka da kwas ɗin gama-gari mai ɗalibai cike da zaure babu lasifika. Latin ɗinka sai dai ka riƙa yi wa kanka da daddare.

Abu na biyu, kuma shi ne babba: "akwai gurbi" ba takardar ɗaukar aiki ba ce. Na ga wanda ya tattaro nasa ya nasa ya dawo a kan irin wannan maganar ya yi shekara biyu yana koyarwa a matsayin malamin wucin gadi ana ce masa ana jiran amincewa daga sama. Malaminka ba ƙarya yake maka ba, amma ba shi ke sa hannu ba. Ka aiko takardunka, ka tabbata shaidar bautar ƙasa na ciki, amma kar ka sayi tikiti sai ka ga wasiƙa da hatimi.

Na Amurka:
Ɗan uwa ni a nan nake koyarwa, ba fanninku ba amma ofishinmu bene ɗaya da su, ina ganin wainar da suke toyawa. Tallan gurabe yana fitowa ne daga kaka ta hannun SCS, ƙungiyar masana Girkawa da Rumawa ta nan Amurka, taronsu na shekara kuma a Janairu, kuma guraben dindindin kaɗan ne ƙwarai, mafi yawa na shekara ɗaya ne. Ka tuna a 2021 Jami'ar Howard ta rufe sashenta na karatun Girkawa da Rumawa ɗungurungum, ita ce kuwa kaɗai mai irin wannan sashe a cikin tsofaffin jami'o'in baƙar fata, a shekarar ne ma Princeton ta daina wajabta wa ɗaliban fannin koyon Girkanci ko Latin. To ka ga inda iska ta dosa. Duk da haka ni na ce ka karɓa. Wanda ya taɓa riƙe aji da kansa ba ɗaya yake da wanda bai taɓa ba a idon masu tantancewa, kuma bizar bayan karatu ta masu digiri na uku shekara uku ce a Ingila, ba korarka ake ba. Haɗarin kawai shi ne wata goma ya haifi wani wata goma a wani gari, ka yi ta yawo da akwati kana shirya sababbin lakcoci ba ka da lokacin rubuta ko maƙala ɗaya. Ka yanka wa kanka wa'adi tun yanzu.

Sarkin zolaya:
Mutum ya je har Ingila ya karanto yaren da masu shi suka mutu 😂 Dakta dawo mu buɗe maka shagon POS a bakin kasuwa

Admin:
Malam shawara ya nema ba ba'a ba. A kiyaye.

'Yar zongo:
Yaya me ya sa kake ganin Ingila ko Najeriya ne kawai? Nan Gana akwai sashen falsafa da karatun Girkawa da Rumawa a Jami'ar Gana da ke Legon, akwai kuma a Cape Coast. Afirka ta Kudu ma akwai a Stellenbosch da Cape Town. Ban ce suna neman mutum yanzu ba fa, amma ka rubuta wa shugabannin sashen ka gabatar da kanka, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Mai tonon tarihi:
Ni gani nake matsalarka sunan da kake kiran kanka ne. In ka shiga layi a matsayin masanin Rumawa, kana gasa da waɗanda suka fara Latin tun suna 'yan shekara sha ɗaya. In ka ce kai masanin tsohuwar Sahara ne wanda kuma yake iya karanta abin da Rumawa suka rubuta a kanta da yarensu, layin ya gajarce, kuma ƙofar sashen tarihi da na ilimin tono da cibiyoyin nazarin Afirka duk sun buɗe maka. Jamusawa suna sa kuɗi a irin wannan, dubi aikin tonon tsohuwar al'adar Nok ta Najeriya da Jami'ar Frankfurt ta fara a 2005 ƙarƙashin Peter Breunig, su ne suka ja farkon Nok baya zuwa wajen 1500 kafin haihuwar Annabi Isa. Gidauniyar Humboldt na da tallafin Georg Forster na masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, ka karanta sharuɗɗansa da kyau, batun inda ka zauna a shekarun baya yana ciki. Kuma in ka dawo wata rana, ɗalibin Kano da ya san labarin fataken da ke bin hanyar Fazzan zuwa Tarabulus ba zai yi gyangyaɗi a ajinka ba, kawai kar ka ce masa Garamantawa sun zo Kurmi, tsakaninsu akwai ƙarnuka da yawa.

Anti:
Ɗana duk sun yi maganar aiki ba wanda ya taɓo Hajiya. Ba aikin jami'a take tambaya ba, kai take so ta gani. Shekara nawa rabonka da gida? In hutun Disamba ya zo ka je ka yi mata sati uku, ka zauna ka yi mata bayani da bakinka ba ta waya ba, ka faɗa mata ranar da ka sa. Uwa tana iya jira in ta san iyakar jiran. Ka yi istihara kuma.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti shekara huɗu ne, kunya ma ta kama ni da na rubuta. Zan amsa musu ranar Litinin in sha Allah, takardun gida kuma na tura wa ƙanena ya kai da hannunsa. Malam tsohon lakcara, wasiƙun masu ba da shaida ni zan haɗa a ciki ko su za su aika wa rajistara kai tsaye?

Tsohon lakcara:
Su za su aika. Amma ka bi su da waya, in ba haka ba sai an rufe karɓa za su tuna.