Ferrari 308 tana ƙin tashi idan injin ya ɗau zafi, ina neman shawara

Assalamu alaikum, 'yan uwa makanikai. Ina aiki a wani ƙaramin gareji kusa da Modena a Italiya, kuma sati uku ke nan wata mota ta hana ni barci. Ferrari 308 GTB ce ta 1977, mai silinda 8 da kafireta 4 na kamfanin Weber. Ba irin masu inja (na'urar fesa mai a madadin kafireta) da suka fito daga 1980 ba ce, da sai in ce matsalar injar kamfanin Bosch ce.

Da safe, bugu ɗaya take tashi, sulo ɗinta sumul. Amma a yi tafiyar minti 30, a kashe ta, a dawo bayan minti 10, sai ta yi ta gurnani ba ta kamawa, ga warin fetur har cikin mota. Sai na taka totur ƙasa na riƙe kafin ta tashi, tana tari da baƙin hayaƙi.

Na canza fulogi duka, na canza tiyon mai, na wanke kafiretocin ɗaya bayan ɗaya. Jiya na buɗe murfin baya ina kasa kunne, sai na ji kamar mai yana tafasa a kafiretar da ke kusa da gilashi, na leƙa na ga yana ɗiga cikin maƙogwaronta. Maigidana ya nace kwail ne (na'urar da ke ba fulogi wuta), ni kuwa ban yarda ba, tunda wuta tana zuwa.

Shin fulot (abin da ke daidaita yawan mai a cikin kafireta) ne ya yi sama da yawa, ko famfon mai ne ke turowa da ƙarfi? Mai motar ya ce kada a sa mata kayan da ba na asali ba. Don Allah wanda ya taɓa aiki da Weber ya taimaka.