Wa ya taɓa neman gidan shugaban ƙasa a tsofaffin takardun ƙidaya?

Malamin tarihi: Assalamu alaikum. Ina so in nuna wa ɗalibaina gidan Shugaba Abraham Lincoln a takardun ƙidayar Amurka. Duk wanda ya taɓa yin wannan bincike, don Allah ya ba mu labarin yadda ya kaya.

Ɗalibi a Amurka: Wa alaikumus salam, Malam. Na yi, amma na sha wuya. Dare biyu ina rubuta "Abraham" a ƙidayar 1850, shiru. Ashe ma'aikacin ƙidayar "Abram" ya rubuta. Sai da na bar sunan, na buɗe shafukan garin Springfield na jihar Illinois ina bi gida-gida, sannan na gan shi: lauya, da matarsa Mary, da ɗansu Robert.

Ta 1860 ce ta fi taɓa ni. Watanni kaɗan suka rage a zaɓe shi, amma ga shi a layi ɗaya da maƙwabta, tawada ɗaya, hannu ɗaya. Shekara 51, haifaffen Kentucky, gida da fili dala 5,000, sauran dukiya dala 12,000. Ƙarƙashin 'ya'yansa uku akwai yarinya mai aikin gida 'yar shekara 18 da wani yaro ɗan 14. Na daɗe ina kallon layin yarinyar nan.

Wata 'yar'uwa: Malam, ka gargaɗi yaran kada su ɗauki kowace lamba a matsayin gaskiya. A shafin nan an ba Mary shekara 35, alhali a 1818 aka haife ta. Abin da aka faɗa a bakin ƙofa shi ake rubutawa.

Tsohon ma'aikacin laburare: Ni kuwa sunan Benjamin Harrison, shugaban ƙasa na lokacin, na nema a ta 1890, na yi ta wahalar banza. Gobarar 1921 a Washington ta lalata mafi yawan takardun shekarar. Kuma kafin 1850 sunan maigida kaɗai ake sawa, sauran mutanen gida adadi ne. Na baya-bayan nan kuwa sai an cika shekara 72 ake sakin su, shi ya sa ta 1950 ba ta fito ba sai Afrilun 2022.

Wata 'yar'uwa: Baba, ai ko bayan 1850 ɗin ba kowa ya sami suna ba. Na buɗe takardar bayi ta 1850, wadda aka ware daban. Sunan ubangida a sama, ƙarƙashinsa shekaru, jinsi da launin fata kawai. Mace, 30. Namiji, 4. Wallahi rufe kwamfutar na yi, sai washegari na iya komawa.

Malamin tarihi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan buga shafin 1860 da takardar bayin, in ajiye su gefe da gefe a kan tebur ranar Litinin.