Kwamfireshan da firesha: duka "matsi" za mu ce?

Mai darasi:
Salamu alaikum jama'a. Ina haɗa bayanin gyaran inji da Hausa saboda masu koyo da ke shirin jarrabawar samun takardar shaidar ƙwarewa, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: compression, wadda a gareji muke kira kwamfireshan, wato abin da fistin ke yi wa iskar da ke cikin silinda in ya taso sama. Duk wanda na tambaya sai ya ce "matsi". To ai firesha ma matsi muke ce mata. A hira babu damuwa, kowa ya san inda aka dosa. Jarrabawa kuwa ba ta san da wannan ba. Ɗauki ta hukumar ASE ta Amurka, mai ba makanikai takardar shaidar ƙwarewa, wadda aka kafa a 1972. Takardarta ta A1 a kan gyaran inji take, kuma tana son irin tambayar nan: makanike A ya ce kaza, makanike B ya ce kaza, wa ke da gaskiya? A, ko B, ko su duka, ko babu ko ɗaya? Kalma guda ce ke juya amsar irin wannan tambaya. Gejin da ake ɗaurawa a ramin fulogi firesha yake nunawa, amma firesha ce da kwamfireshan ya haifar. In kalma ɗaya gare ni, "matsin matsi" zan rubuta ke nan. A taimaka.

Tsohon makanike:
Wa alaikumus salam. Malam, bar wa yara kwamfireshan ɗinsu. Fistin, bawul, fulogi, lagireto, salansa, wanne ne ba aro ba? Duk sun zauna daram a bakinmu. Kuma ita jarrabawar ai ba da Hausa za su rubuta ta ba.

Mai darasi:
Gaskiya ne Baba, kuma ban ce a kore ta ba. Sai dai fistin abu ne da yaro zai ɗauka a hannu ya jujjuya, ko me ka kira shi ya gane. Kwamfireshan ba a ganin sa. Tambayi mai koyo mene ne shi, zai ce maka "ƙarfin inji". Da wannan amsar ba zai iya gaya maka dalilin da ya sa silinda biyu da ke maƙwabtaka suka faɗi tare ba. Ina son kalmar da in ya ji ta zai ga abin da ke faruwa a cikin silinda.

Ɗan koyo:
Oga, me zai hana a bar "matsi" wa firesha, shi kuma a ce "matsewa"? Ko "danniya", tunda fistin danne iskar yake yi.

Malamar Hausa:
Danniya ta riga ta yi gida a wajen zalunci, ba za ta dawo gareji ba. Haka "matsin lamba" da wasu ke rubutawa a madadin firesha, wannan ta 'yan siyasa ce da masu bin bashi, a bar musu kayansu. "Matsi" shi kaɗai ya wadatar: matsin baƙin mai, matsin iskar taya, matsin ruwan lagireto.

"Matsewa" kuwa, ƙanena, ta yi kusa da matsi da yawa, kunne ba zai raba su ba in ana sauri. Akwai kuma abin da ya fi wannan. In makanike ya matse tsumma, so yake abin da ke ciki ya fita. Matsewa a Hausa galibi da fitarwa take tafiya. A injin da kuke bayani, in na fahimce ku daidai, bawul biyu a rufe suke, ana so kada ko kaɗan ya tsere. Kalmar da muke da ita ta tura abu mai yawa cikin wuri kaɗan ya zauna a ciki ita ce danƙara. Mai danƙara auduga a buhu bai rage audugar ba, wurin da ta ci ne ya ragu. Kuma kalmar tana juyuwa yadda ake so: fistin ya danƙara iska, iska ta danƙaru, aikin kuma danƙarawa.

Ɗan koyo:
Malama, ni dai "ya danƙara mini ƙarya" na fi ji.

Malamar Hausa:
Ita ma ƙaryar cika maka kunne aka yi da ita har ba masaka tsinke. Asalin ɗaya ne.

Mai dizal:
Ni na goyi bayan Malama, kuma ga hujja daga wajen aikinmu. Iska tana danƙaruwa, ruwa da mai ba sa yi, ko in ce abin da suke yi bai kai a ƙirga ba. Famfon baƙin mai yana ba mai matsi ya tura shi cikin hanyoyinsa har ya kai karanshaf, wato ƙarfen da fistin ke juyawa, amma man bai ƙanƙance ba, yawansa na nan. To ka ga akwai matsi, babu danƙarawa. In ka ba su suna ɗaya, da wane baki za ka bayyana wa yaro abin da ke faruwa idan mota ta shiga ruwa mai zurfi ta shaƙe shi ta hanyar iska? Fistin ya taso zai danƙara, ya tarar da ruwa, ruwa ya ƙi. Ƙarfin nan dole ya sauka a wani wuri, sai sandar da ta haɗa fistin da karanshaf ta lanƙwashe, wani lokaci ma ta fasa bulon inji. Da kalmar Malama jimla ɗaya ce: ruwa ba ya danƙaruwa.

Mu a dizal ma ita ce komai namu. Ba mu da fulogin tartsatsi. Injin da Rudolf Diesel ya samu ya yi aiki sosai a 1897 iska zalla yake danƙarawa har ta yi zafin da in an fesa mai a ciki zai kama da kansa. Shi ya sa namu ke danƙarawa fiye da na fetur nesa ba kusa ba. Na fetur yawanci tsakanin 8 da 12 ne zuwa 1, na dizal daga wajen 14 har ya haura 20.

Abu ɗaya zan roƙa: kada wani ya kawo "cusawa". A ajiye ta wa tabo (turbo). Tabo ƙarin iska yake cusawa ta shiga silinda, fistin kuma ya danƙara abin da ya shiga. Aiki biyu ne.

Mai darasi:
Madalla. Bari in gwada ta a rubuce mu ji ko za ta ɗauki nauyi.

Injin zagaye huɗu, wanda Nikolaus Otto ya fitar a 1876: shaƙa, danƙarawa, tashin wuta, furzar da hayaƙi.

Gwajin danƙarawa: a bar inji ya yi ɗumi, a cire fulogi duka, a ɗaura geji a silinda ta farko, a murza makulli inji ya juya har allurar ta daina hawa, a rubuta matsin da ta nuna, a bi sauran haka. Adadin da ya kamata a samu yana littafin kamfanin da ya ƙera injin, amma abin da aka fi dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin silinda da 'yar'uwarta. Misali an samu 170, 105, 110 da 168 a ma'aunin matsi na psi. Ta biyu da ta uku sun faɗi, kuma jikin juna suke, don haka zargi na farko a kan gaskit ɗin kan silinda yake, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan silinda da bulon inji, ya ƙone a tsakaninsu, iska na tsallakawa daga wannan zuwa waccan. In guda ɗaya ce ta faɗi, a zuba mata baƙin mai kaɗan ta ramin fulogi a sake gwadawa. Matsi ya tashi sosai, ringin fistin ne suka cinye, man ya ɗan toshe musu gibin. Bai motsa ba, a koma kan bawul ko gaskit.

Ga "matsin danƙarawa" ya fito da kansa a wurin da na maƙale.

Tsohon makanike:
Ka tsallake abu biyu Malam, kuma irinsu ake ɗana wa yara tarko da su. Kafin a murza makulli sai an kashe wutar fulogi an tsayar da mai, kada inji ya riƙa fesa fetur cikin silinda yana wanke man da ke jikin bangonta. Sannan totur a buɗe shi gaba ɗaya. In yana rufe iskar da za ta shiga ba ta da yawa, geji zai nuna ƙasa a ko'ina, yaro ya sauke injin da lafiyarsa ƙalau. Batir ma ya kasance da caji, don in juyin ya yi sanyi karatun ma sanyi zai yi.

Ka ƙara musu wannan: in duka silinda sun faɗi kusan daidai da juna, kafin a ce ringi a duba taimin, wataƙila bel ko sarƙa ta tsallake haƙori, bawul na buɗewa ba a kan lokaci ba. In kuma karatu ya haura abin da littafi ya ce, kada a yi murna. Dattin kabon ne ya taru a kan fistin ya cinye wurin.

Kalmar taku dai ban ƙi ta ba. "Wurin ya ragu, iska ta ƙara danƙaruwa", wannan ko ni na ji ta zauna. Amma a gareji kwamfireshan zan ci gaba da cewa, na tsufa da sauya baki.

Mai darasi:
Na gode Baba, na shigar da su. A darasin ma zan rubuta kwamfireshan a gefenta a karon farko, don su san abu ɗaya ne da wanda za su gani a takardar tambaya.

Saura lissafin nan na 10 zuwa 1. Fistin yana ƙasa, sararin da ke samansa, a ce, cc 500 ne (cc ma'aunin girman wuri ne). Ya hau ƙololuwa, saura cc 50. An raba 500 da 50, an samu 10. Ba shi da psi, ba shi da bar (duka ma'aunin matsi ne), kwatanta girman wuri biyu ne kawai, kuma masu koyo na yawan rikita shi da abin da geji ke nunawa. Na sa masa "ninkin danƙarawa". Malama?

Malamar Hausa:
Ya yi. Ninki goma ne tsakanin babban wurin da ƙaramin, Bahaushe zai gane.

Ɗan koyo:
To Oga, ɗaya gwajin fa, wanda ake tsayar da fistin a ƙololuwa bawul a rufe, a hura iska daga kwamfiresa a kasa kunne?

Tsohon makanike:
Wannan ba sai an tara malamai ba, gwajin yoyo ne. Ka ji huci a salansa, bawul ɗin hayaƙi. Ka ji shi ta wajen totur, bawul ɗin shaƙa. Ta bakin da ake zuba baƙin mai, ringi. Ka ga kumfa na tasowa a lagireto, gaskit ne ko kan silinda ya tsage. Ka dai tabbatar a zagayen danƙarawa fistin ya kai saman, don a ƙarshen na furzar da hayaƙi ma yana kaiwa can, kuma a lokacin bawul ba su rufe ba, iska za ta fita ka ɗora wa lafiyayyen bawul laifi.